Ƙwallon Dabino Biyu a Tabarmar Kaka

Ɗana Nasiru ya yi caca, kuma bai ɓoye ba. Shi da kansa ya turo mini bidiyon daga Ostareliya yana washe baki. Mun tura shi karatun injiniya, sai ga shi a tsakiyar da'irar Turawa, wani ya ɗora kwabbai biyu a kan ɗan katako ya cilla sama, kowa na ihu, har da ɗan da na haifa a unguwar Shumaisi ta Riyad.

Na kira shi nan take. Ya ce, "Yumma, kwantar da hankalinki, nizami ne wallah. Doka ta yarda."

Ya zauna yana karanta mini tarihi, rabi Hausa rabi Larabci. Wai sojojin ƙasar na da can ne suka riƙa wannan wasa a ramukan yaƙi. An hana shi, 'yan sanda suka yi ta kamen masu yi a ɓoye, daga baya hukuma ta ce to, a yi a ranar tunawa da sojoji, albarkacin matattu. Na tambaye shi sauran ranakun fa? Ya ce ai akwai injuna a kulob-kulob, masu fitilu da kiɗa, suna da lasisi, gwamnati na karɓar harajinta. Abokinsa ma zai kai shi ranar Asabar ya gani da idonsa.

"Gani kawai, Yumma."

Na kashe wayar. Abin mamaki, maimakon kuka sai dariya ta kama ni, don na san garin nan. Ban taɓa hawa jirgin da ya wuce Jidda ba, amma tun ina 'yar ƙarama Kaka Dije ta kai ni can.

Gidanmu na wancan lokaci na laka ne, a wani lungu na Shumaisi da yanzu ya zama wurin ajiye motoci. Kaka uwar babana ce, da ƙafa ta biyo ta Sudan ta zo ƙasar nan, kuma har ta rasu ba ta yarda Larabci ya zauna a bakinta ba sai na salla da na ciniki. Idan sanyin Riyad ya sauko, wanda yake shiga ƙashi, sai ta hura gawayi a kasko bayan isha, ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida. Mu jikoki mu zagaye ta, kowa da rabonsa na dabino a gefen zane. Hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa.

Takan ce, "Ga wata ta taho da ƙafarta."

Mu ce, "A ba ta wuri ta zauna!"

Labarin da muka fi roƙo shi ne na garin da caca ta cinye. Mutanen garin da kuɗin wuri suke yin ta, a watsa a tabarma. Wani ya sa hularsa a cacar, ya sa rigarsa, ya sa jakinsa, har ya koma gida da ganye a ƙugu matarsa ta ɗauka aljani ne. Nan Kaka za ta miƙe ta kwaikwayi tafiyarsa, mu yi ta birgima. Sarkin garin ya fusata ya hana. Dattawa suka je suka durƙusa, suka ce ranka ya daɗe, abin kakanni ne, a bar mana yini ɗaya bayan girbi. Ya ce ya bari, amma a ƙofar fadarsa za a yi, a kan tabarmarsa, kuma yana da kaso. Shekarar farko kason ya gina masa rumbu. Ta biyu sai ya ga yini ɗaya ya yi wa talakawansa kaɗan, ya ƙara musu ranar kasuwa.

A daidai nan Kaka take tsayawa ta tofo ƙwallon dabino biyu a tafin hannunta.

"Wa zai gwada? Ke Hadiza, uwar baki, zo."

Ƙwallon dabino yana da ciki mai tsaga, yana da baya mai santsi. Dokar Kaka ita ce, idan duka biyu suka faɗi ta ciki, ka ci. Idan duka ta baya, ta ci. Idan ɗaya ciki ɗaya baya, na sarki ne.

Na ce, "Wane ne sarkin?"

"Tabarmar wa kike kai?"

Ban gane ba, ko kuma ban so in gane ba. Na sa dabino ɗaya a tabarma. Ta watsa, suka faɗi ta ciki, na ci! Na yi tsalle har na kusa kifar da kaskon. Na ƙara sawa, na ƙara, 'yan'uwana na zuga ni. Kafin garwashi ya yi toka gefen zanena ya zama wayam. Na zauna ina jiran ta ce wasa ne ta mayar mini. Sai tsohuwar nan ta ɗauki dabinona ɗaya bayan ɗaya, da 'yan haƙoranta da suka rage, ta cinye a gabana tana lumshe ido.

Na fashe da kuka na ce zan gaya wa Baba tana caca.

Ta ce, "Ni? Allah ya tsare ni. Mai caca shi ne wanda bai san yadda za ta ƙare ba. Ni na sani tun kafin ki zauna."

Ta ƙarasa labarin da baki cike. Garin ya watse, sarki ya rage shi da rumbunansa, babu mai noma masa abin zubawa. Ta kakkaɓe hannu ta ce ta raka tatsuniyar bakin ƙofa, kowa ya tashi. Wani daren muka sake roƙon labarin, muka sake sawa, ta sake cinyewa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa mayarwa ba.

Shekaru da yawa na ɗauka rowar tsofaffi ce. Ban yi makaranta da ƙuruciya ba, sai da Nasiru ya shiga sakandare na shiga ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu, ina zama da mata masu jikoki. Ranar da malama ta koya mana kashi biyu cikin huɗu da kashi ɗaya cikin huɗu, na zana ƙwallayen Kaka a gefen littafi, na ga hanya huɗu suke faɗuwa, uku nata ne. Na buga tebur na ce, "Amma tsohuwar nan!" har malama ta tsorata. Tun daga ranar, duk inda na ji an ce an kafa wa caca doka, ba na tambayar wace rana aka yarda. Tambayata ita ce tabarmar ta wace ce, kuma wa ke da rumbu a bayanta. Hukumar da ke cin kaso ba za ta yi gaggawar naɗe tabarma ba.

Nasiru bai san Kaka ba. Da talabijin ya tashi, kuma idan na yi masa wa'azi sai ya ce "tayyib, tayyib" ya yi abin da ya ga dama. Babansa, da ya dawo daga tuƙin tirela a Sana'iyya, unguwar masana'antu, cewa ya yi in bar shi da addu'a. Addu'a na yi, amma Asabar saura kwana kaɗan.

Yaron yana da tattabaru a saman gidanmu, waɗanda ya yi rainonsu tun suna ƙwai, ya bar mini amanarsu. Kullum sai ya tambaye su kafin ya tambayi babansa. Da na idar da sallar asuba na hau sama, na kamo Zajil, farin tattabaran da yake ji da shi, na sa a kwando. Na shimfiɗa tabarma, na jingina waya da fulas ɗin shayi, na ci dabino biyu na share ƙwallayen. Na ajiye wuƙa inda zai gan ta, sannan na kira.

Ya ɗauka yana tafiya a titi, rana tsaka a wajensu. Ya ga kwandon, ya ga wuƙar, ya tsaya cak.

"Yumma, me za ki yi da Zajil?"

Na ce, "Nemi wuri ka zauna. Ga wata ta taho da ƙafarta."