Farar Rigar Baba a Gaban Kyamara

Kwana uku kacal aka ba ni da kyamarar makaranta. Haka tsarin sashenmu yake ga ɗaliban shekarar ƙarshe: ka karɓa, ka je ka ɗauko abin da za ka ɗauko, ka dawo da ita kafin na bayanka ya fara yi maka Allah ya isa a zuci. Binciken da na zaɓa na kammala karatun aikin jarida a kan dabarun kyamara ne a shirye-shiryen talabijin, wato yadda mazaunin kyamara da faɗuwar haske suke sauya yadda mai kallo zai ga mutum. Na rubuta babi huɗu, har kaina ya fara kumbura. Sai malamin da ke duba aikina ya ce rubutu ya yi kyau, amma ba zai sa hannu ba sai na kawo hirar minti biyar da na ɗauka da hannuna. "Fuskar mai magana nake so in gani tas," in ji shi. "In babu fuska, babu aiki."

Abokan karatuna suka bazama neman masu ofis da masu muƙami. Ni kuwa na rungumi jakar kyamara na hau mota zuwa gida Azare, don tun farko na ƙudura Baba zan ɗauka.

Baba injin ban ruwa yake gyarawa. Rumfarsa tana bayan kasuwa, kuma masu lambu daga Gadau da Giade da ƙauyukan Katagum sukan ɗauro injinansu a bayan mashin su kawo masa. Tun da na yi wayo na san shi da rigar aiki wadda baƙin mai ya cinye, ba wanda zai iya rantsewa a kan asalin launinta. Da wannan rigar ya kai ni har inda na kai. Ni ce 'yar farinsa, kuma yana da jinin Fulani, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ne sunana a bakinsa. Ni ma in na zo gaishe shi durƙusawa nake yi in kalli ƙasa, shi ya sa na san takalmansa da hannuwansa fiye da yadda na san fuskarsa. Ko kamannin kakana, mahaifinsa, wanda ya rasu a wani ƙauye kusa da Katagum tun ba a haife ni ba kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ta bakin Inna nake aika tambaya ina yarinya. Amsar kullum ɗaya ce, wai mutum ne dogo.

Ta bakin Inna ɗin dai na nemi izinin hirar tun ina makaranta. Na jaddada mata a waya cewa ya zo yadda yake kullum. Ta ce ya ce to.

Ranar farko na isa rumfa da hantsi, na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, na gyara zaman injina biyu a baya don su fito. Na jira har rana ta take tsaka. Sai ga wani Alhaji ya ɓullo daga lungun masu kayan gini cikin farar babbar riga ta shadda, tana ƙyalli har tana kashe ido, hula a kafe har gira. Sai da ya matso na gane Baba ne cikin rigarsa ta Sallah. Maƙwabtan rumfa suka sa shi a gaba da tsiya, wannan ya ce ango, wancan ya ce ina za a ɗaura. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ƙi shiga rumfar don kada mai ya taɓa rigar, aka aro kujerar roba aka ajiye masa a fili, cikin rana. Ya zauna a miƙe, ya cusa hannuwansa cikin hannun riga. Raina bai so ba, amma ba ni da bakin magana. Na yi tambayoyina, ya ba ni amsa guntu-guntu kamar mai ba da shaida, na naɗe kayana.

Da na koma gida na zuba hirar a kwamfuta na kalla. Riga ce kawai a zaune a kan kujera, tana haske kamar an kunna fitila a cikinta. A samanta wani baƙin dunƙule ne sanye da hula. In ya yi magana haƙora su ɗan leƙo su koma. Abin haushin shi ne na san dalili, yana nan a babi na uku da na rubuta da hannuna: in ka bar kyamara ta zaɓa wa kanta haske, fari za ta bi, ta bar fuska a duhu. Na iya rubuta shi da Turanci mai kyau, amma a bayan kasuwa ko tunawa da shi ban yi ba.

Da yamma Baba ya dawo, ya tsaya a tsakar gida yana kallon randa, ya ce, "Ke, ya yi?"

Ina cikin haushi, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, rigar nan ta lalata komai. Gobe ka sa ta aiki kawai."

Can ya ce, "Wa zai kalla?"

Na ce, "Malamaina."

Ya ce, "Malamanki za su taru su kalli ubanki, sai in je musu cikin baƙin mai? Ai ba don kaina na sa ba." Ya ɗauki buta ya fita.

Inna ta harare ni harara mai kyau. Ta ce, "Tun ranar da kika yi waya ya kai ta wanki. Sau biyu ya mayar da ita wajen mabuga, wai ba ta kwanta ba. Ke kuma da karatunki abin da kika iya faɗa ke nan." Kunya ta rufe ni, amma haushin bai tafi ba, don saura kwana biyu in mayar da kyamara kuma ba ni da fuska ko ɗaya.

Washegari kafin in fito gaisuwa ya riga ya fita. Na zauna a ɗaki ina lissafin wa zan roƙa ya zauna min a madadinsa, ina share hawaye. Hantsi ya ɗaga na ji tsayuwar mashin a ƙofar gida, Inna ta ce ana kirana a zaure. Na tarar da Baba, da farar rigar dai a jikinsa, tare da wani dattijo siriri mai tabarau. Na san shi, duk Azare Malam mai hoto ake ce masa. Yana da ɗan shagon hoton fasfo kusa da tasha, kuma ya daɗe yana riƙe kyamara a gidan talabijin kafin ya yi ritaya.

Baba ya dubi bango ya ce, "Ke, rigar dai ba zan cire ba. Ga wanda ya san aikin nan, ki nuna masa."

Wanda bai san Baba ba ba zai gane girman wannan ba. Mutum ne da ko sifana ba ya aro a wurin maƙwabci, gara ya rufe rumfa ya je gida ya ɗauko tasa. Amma ya tashi da sassafe, da maganata a ransa, ya je ya roƙi wani saboda ni.

Malam ya kalli abin da na ɗauka, ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce, "'Yata, kowa da wannan ya fara. Ni farkon aikina taron ɗaurin aure na ɗauko, riguna zalla, ba kai ko ɗaya."

Na so in kare kaina, na ce ai littattafai ma sun ce a hana mai hira sa fararen kaya.

Ya ce, "Masu littattafan ba su zo Azare ranar Juma'a ba. Mutanenmu in kin ce talabijin, fari za su sa, girmama ki suke yi. In hana su za ki riƙa yi, kin dinga faɗa da dattawa ke nan har ki bar aiki. Ki bari sai bayan la'asar."

Bayan la'asar muka haɗu a gindin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke gefen rumfar. Malam ya sa aka janye kujerar roba, ya ce Baba a kanta kamar wanda aka kai ƙara yake. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, Baba ya zauna yadda ya saba zama. Malam ya ce in sauke ƙafafun kyamarar har idonta ya yi daidai da idon Baba, ni ma in zauna a ƙasa. Ya ce in karɓe zaɓin haske daga hannun kyamara, in auna shi a kumatun Baba, in manta da rigar. Duk wannan bai taɓa kyamarar ko da yatsa ba. In na yi kuskure sai ya ce, "Sake dubawa," ya ci gaba da cin goronsa.

Fuskar ta fito, amma ƙarƙashin ido da haɓa da sauran duhu. Malam ya ce, "Maigida, a ɗan tura hular baya, ba wanda zai sace goshin." Baba ya tura yana murmushi. Sai Malam ya durƙusa, ya kama gaban babbar rigar, ya baza shi a kan tabarma har bakinsa ya kai inda rana ta ratso ta faɗi. Ya ce, "Yanzu duba."

Hasken ya daki farar shaddar ya tashi sama, ya kwanta a fuskar Baba a hankali. Rigar da na ce ta lalata komai ita ce ta haska min shi.

A ɗan gilashin kyamarar nan na fara kallon mahaifina ido da ido, ba tare da na yi rashin kunya ba. Ashe yana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe furfurar gemunsa ta fi baƙin yawa. Ashe kafin ya amsa magana yakan ɗaga girar hagu, ita kaɗai, kamar yana auna mai tambayar. Na shagala har na manta takardar tambayoyina, sai da Malam ya yi gyaran murya. Na tambayi abin da ya fara zuwa bakina, na ce, "Baba, yaya kake gane ciwon inji?"

Ya ɗaga girar, ya ce da kunne. Ya ce inji ba ya ƙarya, mai shi ne kan yi. Ya shiga kwaikwayon kukan injin da fulogi ya mutu da na wanda ya sha iska, ya ba da labarin wani mai lambu da ya rantse bai taɓa injinsa ba alhali ga waya ya ɗaure kafireto da ita. Yana cikin bayani hannuwan suka fito daga hannun riga da kansu, da baƙin man da sabulu ya gaza fitarwa daga farata, suna juya wani noti da babu shi. Na ja hoton baya kaɗan don su shigo. Na san ya lura, amma bai mayar da su ba.

Na mayar da kyamara a kan lokaci. Ranar kare aikin, ɗaya daga cikin malaman ya tsayar da hoton ya tambaye ni yadda na samu fuska haka da farar riga. Na ba shi amsa tiryan-tiryan, kuma na faɗi wanda ya koya min. Malamina ya sa hannu a ranar. Na rubuta Malam mai hoto a shafin godiya na kai masa ya gani, ya ce ba mai karanta wannan shafin, amma ya riƙe kundin ya daɗe bai miƙo min ba. Har yau in na kafa kyamara gaban dattijo mai farar riga sai na yi wa Malam addu'a, kuma ban ƙara ce wa kowa ya je ya sauya kaya ba. Baba kuwa ban san ta inda zan fara gode masa ba. Na ɓata masa rai, shi kuma ya je ya nemo min mafita.

Da na dawo gida bayan kammalawa, bai tambaye ni komai a kan hirar ba. Inna ce wata rana da yamma ta ce in nuna masa. Na kife turmi a tsakar gida na ɗora kwamfuta a kai. Ya zauna a tabarma cikin rigar aikinsa, ni kuma na rakuɓe a gefe. Ya yi ta kallo har aka zo inda na tambaye shi ciwon inji.

Ya ce, "Tsaya. Mayar baya."

Na mayar. Fuskarsa ta cika gilashin, girar hagu ta ɗaga.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara. Na ɗauka wani aibi ya gani. Ya matso da tabarmar, ya kai yatsa kusa da gilashin amma bai taɓa ba, don kada ya shafa masa mai.

Ya ce, "Ke, ba kin sha aiko uwarki tambayar kamannin kakanki ba?" Ya nuna gilashin. "To ga shi nan. Har girar. Shekara da shekaru ina neman fuskar nan a raina, ta ƙi zuwa."

Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba, dukanmu gilashin muke kallo. Inna ta tashi ta shiga madafa ba tare da an kira ta ba. Sau huɗu na mayar masa baya kafin aka kira sallar magariba.