Madina da Taku Ukun da Ba a Ƙarasa Ba

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da uwargida. Jakunkunanmu huɗu, uku daga ciki ba namu ba ne: kuka ce da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa, saƙon mutanen Madina. Ni ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Ƙanena, Allah ya jiƙansa, ya yi karatun haɗa magunguna a Indiya, a can ya auri wata Ba'indiya da ta musulunta, sannan aiki ya kai su Madina suka zauna. Bara waccan ya rasu. Yanzu 'yarsa ta fari, Asiya, za a aurar, ni ne waliyyi.

A Jidda muka sha layi har ƙafa ta yi tsami. Ma'aikacin da ke duba kaya ya kwance ƙullin daddawa, ya shinshina sau ɗaya, ya ja da baya yana ɗaga mana hannu mu wuce. Ban taɓa ganin daddawa ta yi wa mutum rana irin ta ran nan ba. Daga nan muka shiga motar safa. Hanya shimfiɗe take santal, ba rami ba shingen 'yan sanda, sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama. Mun tsaya wani wurin cin abinci aka kawo mana shinkafa da rabin kaza a faranti guda. Da na juya kuɗin zuwa naira a zuciyata sai da na ajiye hannu, uwargida ta ce in daina lissafi in ci. Na ci, har ƙashin ban bari ba.

Da muka iso Bi'ir Ali, inda masu umara ke ɗaura harami, sai ga motoci jere cike da mutane cikin fararen mayafai suna talbiyya. Nan na san mun iso. Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba lokacin da na tsaya na yi sallama ga Manzon Allah. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Gidan ƙanena a unguwar Ƙurban yake, ba nisa da masallacin Ƙuba. Matarsa, Hajiya Maryam, ta tarbe mu da Hausar Kano tsaf, sai dai muryar tana lanƙwasa irin tasu. 'Ya'yan kuwa ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Da safe a sayo gurasar tamis mai zafi da ful, wato wake da aka dama da mai, da rana ita kuma ta yi mana tuwo da miyar kukar da muka kawo, ta zuba mata wani yaji na ƙasarsu da ya sa ni neman ruwa ba shiri.

Kwana biyu da zuwanmu na lura ba a maganar biki. Asiya ta shige ɗaki, uwar kuma ido ya kumbura. Da na matsa, sai Hajiya Maryam ta gaya mini. Dangin ango sun zo ganin gida, wata gwaggonsa tana buɗa kundin hotuna ta ci karo da wani tsohon hoto: Hajiya Maryam tana budurwa, cikin jan sari, da furanni a wuya, ga wuta a gabanta, ga wani namiji a gefe wanda ba ƙanena ba. Magana ta bazu cewa tana da miji a Indiya lokacin da ƙanena ya aure ta. Uban ango ya ce a dakata da komai.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san inda maganar ta dosa. Asalin yarinyar ake taɓawa, ubanta kuma yana kwance a maƙabartar Baƙi'a ba shi da bakin kare kansa. Amma gaskiya ni ma da na ga hoton sai da na yi zargi. Mu mutanen Kano mun sha kallon finafinan Indiya har muna ganin mun san ƙasar kamar tafin hannunmu. In dai ga wuta ga furanni, to a wurinmu aure ya ɗauru.

Washegari bayan la'asar muka tafi unguwar Bani Harisa, gidan su ango. 'Yan ƙasa ne, kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna. Na tafi da Hajiya Maryam da wani tsohon likita Ba'indiye Musulmi, abokin aikin marigayi. Aka kawo gahawa da dabino, mata suna daga bayan labule, har da kakar ango, tsohuwa tukuf.

Uban ango ya ce, "Ya Alhaji, wallahi ba mu son mushkila. Malamai sun ce musulunta tana raba tsohon aure, tayyib, mun yarda. Amma a dokar ƙasarsu fa? Kuma me ya sa aka ɓoye mana?"

Kafin in buɗe baki Hajiya Maryam ta ce daga bayan labule, "Yaya, ka bar ni in faɗa da bakina."

Ta ce a al'adar mutanensu, ango da amarya sai sun yi taku bakwai tare a gaban wuta, kuma aure ba ya cika sai an sauke na bakwai. A can gidan amarya ne ke ba gidan ango dukiya. Ana tsakiyar takun, uban angon ya ɗaga hannu ya ce a tsaya, sai an ƙara masa babur a kan abin da aka riga aka ba shi. Mahaifinta, malamin makaranta ne, ya miƙe a gaban jama'a ya kama hannunta ya fita da ita. Daga baya angon nata ya kai ƙara kotu wai a mayar masa da matarsa. Alƙali ya kira malamin addininsu da ya jagoranci bikin ya tambaye shi taku nawa aka yi. Ya ce huɗu. Alƙali ya ce to babu aure, balle a yi maganar saki. Ta ce hoton kuma ba don mutumin ta ajiye shi ba, shi kaɗai ne hoton da mahaifinta ya fito a ciki, ga shi can tsaye a baya.

Likitan ya gyara zama ya ce haka dokar take, ko su Musulmin can sun san ta. Ya ce rigingimun aure da yawa a kotunansu a kan wannan suke tsayawa, an cika al'adar ko ba a cika ba, don a kanta rabon gado da ciyarwa suke ratayuwa.

Sai muka ji muryar tsohuwar nan tana yi wa ɗanta, uban ango, magana da wata irin Hausa ta dā wadda rabona da jin irinta tun kakata.

"Kai, rufe mana baki haka nan. Uban da ya ƙi a yi cinikin ɗiyarsa, jikarsa nike so a ɗakin jikana. A sa rana."

Uban ango ya sunkuyar da kai ya ce, "Halas, ya Ummi, magana ta ƙare." Ya juyo ya ba ni hannu, ya nemi gafarar Hajiya Maryam. Ni da na zo da maganganu cike da ciki, ban samu inda zan sauke ko ɗaya ba, sai na huce a kan dabino.

Ranar Juma'a aka ɗaura. Da aka tambaye ni na ce na bayar, ina tuna cewa ƙanena ne ya kamata ya faɗi kalmar nan. An ci shinkafa da naman rago, matan Kano da na Nijar da na Sudan suka yi ta guɗa. Muka ƙara kwanaki muna salla a Harami, sannan muka ɗaura harami a Bi'ir Ali muka wuce Makka muka yi umara.

Mun sauka Kano lafiya da zamzam da dabino, 'yan taryarmu suna tambaya ko an yi rawar Indiya a bikin. Na ce musu ni dai na dawo da darasi: abin da ka gani a hoto ko a fim bai ba ka ikon yanke wa mutum hukunci ba, ka tambayi mai abin tukuna. Na gode wa Allah da ya kai ni birnin Manzonsa, na gode wa tsohuwar Bani Harisa. Akwai kuma wani malamin makaranta a Indiya da ban taɓa gani ba, addininmu ma ba ɗaya ba ne, amma ina jin nauyinsa har yau. Da ya bari an ƙarasa taku ukun nan, da ba ni da 'yar da zan aurar a Madina.