Kazar da Malam Bai Yanka Ba

Idan na lumshe ido ina tuna gidanmu na unguwar Zongo, hayaƙi nake fara gani, yana tashi daga murhu bakwai a tsakar gida ɗaya, ya haɗu can sama har ba ka gane na wa da na wa. Ɗakinmu ne kaɗai na Kirista a gidan. Da asuba ladan na kiran salla, mahaifiyata na durƙushe a bakin gado tana tata addu'ar ƙasa-ƙasa, ni kuma ina tsakanin barci da farke, muryoyin biyu na shiga kunnena tare.

Tana da wata al'ada da ta sha ba ni haushi. Ba ta yanka kaza da kanta, ba ta kuma sayen yankakkiya. Sai ta ɗaure ƙafafun kazar ta ce in kai wa malamin bakin layi ya yanka, don kowa a gidan ya iya cin miyarmu. Nakan tafi ina ƙunƙuni. Da yake bakina ba ya shiru, na taɓa ce mata ai addininmu bai ɗora mana wannan wahalar ba. Ta ce ta sani, amma ba mu kaɗai ke da baki a gidan ba. Ba ta iya karatu ba, wa'azin fasto a kan zaman tsarki ma rabinsa a gyangyaɗi take ji. Amma takan ce ranar da Ubangiji zai duba ta, tukunyarta zai fara buɗewa.

Da ta rasu, ta bar mini ɗakin da tukunyar. Ta kuma bar mini Hajiya, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tamu, wadda iyayenta suka zo daga Nijar. Ciwo ya kwantar da ita, abinci ya fita ranta, ba abin da ke shiga cikinta sosai sai romon kaza irin na mahaifiyata. Kowace Lahadi bayan coci nake kai mata.

Wata Asabar na taso daga kasuwar Kejetia a gajiye, ruwan sama ya yi mini dukan tsiya, ga shi malam ya yi tafiya. Sai na shiga shagon sanyi na sayi daskararriyar kaza, irin ta kwali, wadda ban san wa ya yanka ta ba. Na ce a raina wa zai sani? Washegari na dafa, citta da barkono suka ji, ƙamshi ya cika gida kamar kullum.

Taku tara ne tsakanin ƙofata da ta Hajiya, ban taɓa jin nisansu ba sai ranar. Tururi na tashi daga kwanon romon da na ɗauko yana rufe mini fuska, waƙar da muka rera da safe a coci na ta yawo a kaina, har nake ji kamar mahaifiyata na tafe a bayana. In na yi shiru, Hajiya za ta sha ta sa mini albarka. In na faɗa, za ta wuni da yunwa, wataƙila ma ta daina yarda da tukunyarmu. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Har ta miƙo hannu tana bisimilla, na riƙe kwanon.

"Hajiya, wannan ba malam ya yanka ba. A shagon sanyi na saya."

Ta janye hannunta a hankali, ta daɗe tana kallon tururin. Sannan ta ce in dama mata koko. Shi kaɗai ta sha ranar, ina zaune ina kallon yadda ta rame, kunya da tausayi sun cika ni. Na ɗauki kwanona zan fita, sai ta kira ni.

"Ɗiyata, shekara talatin ina cin abincin uwarki, ban taɓa tambayarta ba." Ta gyara lulluɓinta. "Tun da ta tafi nake ta tunanin ko in fara tambayarki. Yau kin hutar da ni."