Watan da Alhaji Ya Koma Ce Mini Malam

Shekarun baya, tun ban san furfura ba, na yi aiki a wani wurin matsar man gyaɗa a Karaye. Ba wani babban kamfani ba ne. Injin ɓare gyaɗa ne, da na matsa, da sito, sai wata doguwar rumfa inda manoma ke zama su jira a auna musu kaya. Aikina shi ne cika buhu da ɗinke bakinsa da basilla. Mahaifiyata ce ta samo mini aikin, don maigidan, wanda duk muke ce wa Alhaji, aminin mahaifina ne kafin rasuwarsa. A lokacin ban daɗe da aure ba, matata na da tsohon ciki, gonarmu ta ƙauyenmu Turawa kuma ba ta kai mu ƙarshen shekara. Saboda haka aikin nan shi ne tuwonmu, shi ne miyarmu.

Alhaji mutumin kirki ne, wannan kowa ya shaida. In ɗanka ba shi da lafiya, motarsa ce za ta kai shi asibiti. Amma fa Allah ya ba shi murya. Kana yin kuskure zai sauke maka kwandon faɗa nan take, ko wa ke wurin. "Kai, shashasha! Haka aka koya maka?" Duk ƙarar inji sai an jiyo shi a bakin titi. Akwai ranar da ya wanke ni tas a gaban surukina, wanda ya kawo gyaɗarsa daga Kwanyawa. Dattijon ya sunkuyar da kai yana ta gyara hula kamar shi ake yi wa.

Ana nan sai babban ɗan Alhaji ya gama karatu a Kano ya dawo, aka ba shi kula da ofis. Mutum ne mai hankali, sai dai ya dawo da sababbin dabaru cike da kai. Ya ce wurin aiki ba ya gyaruwa sai an ji ta bakin ma'aikata. Ya ce ranar Alhamis bayan la'asar za a kashe inji a zauna, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, babu wanda za a riƙe a zuci. Ya so a yi zaman ba da mahaifinsa ba. Alhaji ya ce, "A wurina za a yi taro a ce in tashi?" Ya sa aka fito masa da kujerarsa.

Kafin ranar, abokina mai kula da injin matsa ya ja ni gefe.

"Kai ne ka yi sakandare a cikinmu, kai ka iya tsara magana," in ji shi. "Ka tayar da zancen faɗan nan. Wallahi kana rufe baki zan ce haka ne. Duk za mu ce haka ne."

Sauran da ke kusa suka gyaɗa kai. Ni kuwa kaina ya yi gingirim. Har a kan keke ina komawa gida ina ta maimaita abin da zan faɗa.

Ranar Alhamis muka jeru a kan benci a ƙarƙashin rumfa. Ɗan Alhaji ya yi bayani mai daɗi, sannan aka fara daga hannun dama. Na farko ya ce, "Alhamdulillahi, babu abin da za mu ce sai godiya." Na biyu ya ce shi ma hakan. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce tsintsiyar sito ta ƙare. Ina kallon fuskar ɗan Alhaji tana ta saukowa. Da aka zo kaina na miƙe, na gyara murya.

"Allah ya ƙara wa Alhaji girma. Mu ma godiya muke. Abu ɗaya ne dai. Faɗan da ake yi mana a gaban mutane yana ƙona mana rai. In mun yi laifi a yi mana faɗa, mun cancanta. Amma a kira mutum gefe."

Na waiwaya ina jiran "haka ne" ɗin da aka yi mini alkawari. Abokina ya ƙura wa silifas ɗinsa ido kamar ranar ya fara ganinsu.

Ɗan Alhaji ya ce, "Akwai wanda yake ganin haka?"

Sai abokin nan nawa ya ɗago ya ce, "To, ni dai a wurina faɗan Alhaji faɗan uba ne. In ya kwana biyu bai yi mini ba, har ba na jin daɗin jikina."

Nan ne kowa ya ce haka ne.

Alhaji ya dube ni na ɗan lokaci. Na shirya wa tsawa, har na runtse ido. Sai kawai ya ce, "To, an ji. Madalla." Ya tashi ya ɗauki butarsa.

Washegari ina jingine kekena sai ga shi. Ya miƙo mini hannu.

"Malam, ina kwana? An tashi lafiya? Ya iyali? Ya mai jiki?"

Na waiga in ga wane malami ne a bayana. Babu kowa. Mutumin da tun ina yaro bai taɓa kirana da abin da ya wuce "kai" ba, in an ci sa'a, yau shi ne yake tambayata iyali ɗaya bayan ɗaya. Na amsa masa, ya wuce.

Daga nan kaina ya ɗaure. Na tambayi ɗan Alhaji, ya ce, "Ka yi daidai, abin da ake nema ke nan, kar ka damu." Na tambayi abokina, wanda da ƙyar na yarda na sake yi masa magana, ya girgiza kai ya ce, "Ka ga irin gaisuwar nan? Ta baƙo ce. Wanda ake shirin sallama ake yi wa ita." Na rasa wanda zan kama. Ga shi sauran ma'aikata Alhaji yana nan yana ce musu "kai", wani lokacin har ya fara ɗaga murya sai ya haɗiye. Ni kaɗai ne Malam.

Labari ya riga ni isa Turawa. Na tarar da mahaifiyata zaune a ƙofar ɗakinta, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Wa ya aike ka?"

"Inna, tambayarmu aka yi."

"An tambaye ka sai ka amsa? Su sauran ba su da baki ne? Mutumin da ya tsaya a kan gawar ubanka, shi za ka koya wa magana?"

Na ce ɗansa ne ya ce a faɗa. Ta ce ɗansa ɗansa ne, ko me ya yi gida zai koma ya ci tuwo. Ni fa? Da safe ta yafa mayafi ta tafi Karaye ba da haƙuri.

Ta dawo ta fi ni ruɗewa. Ta ce Alhaji ya karɓe ta hannu bibbiyu, har da goro. Ya ce mata ɗanta bai yi laifin komai ba. Amma ya ce akwai maganar da yake so ya yi da ni, yana jira ne ya same ni ni kaɗai.

"Kai kaɗai," ta maimaita, ta rafka tagumi. "Innalillahi. Don darajar ubanka ne ba zai kore ka a gaban jama'a ba."

Ni ma abin da na fahimta ke nan. Sai na yi wata dabara da a lokacin na ga babu wadda ta kai ta: tunda sai ni kaɗai za a kore ni, to ba za a taɓa samuna ni kaɗai ba.

Haka na koma kamar jela. In zan shiga sito sai na nemi mai riƙe mini buhu, ko da buhun ba ya bukatar riƙo. A masallaci ina tsakiyar sahu, ana sallamewa na bi ayari. Abinci a cikin 'yan lodi nake ci, mutanen da da can ba ma wata hira da su. In Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam, ɗan zo mana," sai in kamo hannun abokina mu tafi tare. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Babu komai, ku je." Ni kuma in koma ina yi wa Allah godiya na ƙara kwana ɗaya.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na shiga sito na tarar da Alhaji tsugune da babbar rigarsa, basilla a hannu, yana warware ɗinkin da na yi yana sakewa.

"Alhaji, kawo in yi."

Ya ɗago, ya buɗe baki. Na ga maganar ta taho har maƙogwaro. Sai ya dubi 'yan lodin da ke tsaye, ya rufe bakin.

"Bar shi, Malam. Na kusa gamawa."

Ranar ban iya cin tuwo ba. Na ce wa matata shi ke nan, yana nuna mini ko babu ni aikin zai tafi. Har na fara tambayar masu zuwa cirani yadda ake yi, ga haihuwa ta matso. Wallahi na yi kewar "shashasha" kamar yadda ake kewar ɗan'uwa.

An fi wata guda a haka. Wata safiya ya fito da makullin mota a hannu ya ce za shi garin Gwangwan ganin gyaɗa, in zo in raka shi. Na ce bari in kira abokina.

"Injin kuma wa zai duba shi?" in ji shi. "Shiga mu je."

Direba ma bai ɗauka ba. Muka kama hanyar Rogo. Ina kallon karan dawa a gonaki ina tunanin yadda zan faɗa wa Inna. Can ya sauka daga titi ya tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa. Ya fito, na fito. Ya duba gabas, ya duba yamma. Babu kowa sai wasu shanu can nesa. Sai ya cika ƙirji da iska.

"Kai, shashasha! Wane irin ɗinki kake yi wa buhuna? Ba ka naɗe bakin buhu kafin ka soka basilla! Tazarar ɗinkinka sai ɗan yatsa ya shige! Kafin mota ta kai Kano gyaɗata ta zube a hanya, kaji na yi mini addu'a! Haka aka koya maka?"

Shanun nan sai da suka ɗago kai. Ni kuwa ina tsaye na saki baki.

"Sama da wata guda maganar nan tana cina! Ka ce a kira mutum gefe. To ina gefen? In na kira ka sai ka zo da ɗan rakiya! Ko bayan gida za ka sai ka nemi abokin tafiya!"

Na ce, "Alhaji, ni na ɗauka korata za ka yi."

"Kora? Wa ya ce maka kora? A kan me?"

"To, Malam ɗin fa?"

"To me zan ce maka? Sunan da na saba kiranka da shi ka hana ni faɗa a gaban mutane!"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, hawaye na bin ta. Shi ma ya so ya yi, ya dake. Ya jingina da mota yana kallon shanun. Da ya sake magana, muryar ta sauka ƙasa, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba.

"A gaban mutane mahaifina ya yi mini faɗa. A gaban mutane maigidana ya yi mini, ina da mata ina da 'ya'ya. Ban taɓa jin wani ya ce abin yana yi masa ciwo ba. Na ɗauka ni kaɗai yake yi wa."

Ya buɗe mota ya ce in shiga, rana tana yi.

Daga baya abubuwa sun ɗan canza a wurin. Akwai wata bishiyar darbejiya a bayan sito, can Alhaji ya mayar da wurin faɗansa. Gaskiya muryar tana tsallako katanga, duk muna jin komai, amma kowa sai ya yi kamar bai ji ba, wanda aka yi wa kuma ya fito da mutuncinsa. Da ɗan Alhaji ya sake kiran zama bayan kaka, mutane suka buɗe baki. Abokin nan nawa ma har da miƙewa ya ce shi dama tun farko ra'ayinsa ke nan.

Yanzu ni ma akwai masu aiki a ƙarƙashina, kuma nakan tara su in ce kowa ya faɗi damuwarsa. Har yau ban gama gane lamarin ba. In suka ce sai godiya, ban san ko godiyar ce ba. In wani ya yi ƙarfin hali ya faɗa, nakan ga yadda yake kauce mini washegari, sai in tuna kaina. Abin da na koya kawai shi ne ba na barinsa ya kwana yana hasashe. A ranar nake samunsa in ce na ji, ga abin da zan yi, aikinka kuma yana nan.

Alhaji ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Daga ranar ɗorawar nan har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara ce mini Malam ba. An yi mini ƙarin girma a wuraren aiki bayan nan, amma babu wanda ya kai wannan daɗi.