Ranar da Hajo ta ambaci sunan Malam

Duk Zango babu wanda bai san Hajo mai ƙuli-ƙuli ba. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma gajera ce, don haka wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba. Tun tana amarya Allah ya hore mata baki. Akuya ba ta haihuwa a unguwar nan Hajo ba ta riga mai akuyar sani ba.

Bara da aka zo allurar rigakafin shawara, ma'aikatan lafiya suka ce suna neman wadda za ta riƙa zaga gidaje bayan allura. Suka ce ciwon hannu da ɗan zazzaɓi ba komai ba ne, amma cikin dubban dubbai akan sami wanda jikinsa zai rikice sosai, to irin wannan ake so a bugo musu waya nan take. Muka haɗa baki muka ce Hajo. Gulma ta samu lasisi.

Ta kuwa riƙe aikin. In ka ce mata da sauƙi, sai ta ce, "Sauƙi na Allah ne, buɗe idon in gani."

Maigidanta, Malam Kalilu dillalin awaki, da ƙyar ya miƙa hannu, shi ma don ya ji ana tambayar katin rigakafin in za a ƙetara Nijar. Na ce masa, "Malam, kai da ba ka taɓa jin shawara ba, me za ka yi da rigakafinta?" Ya harare ni.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kayar da shi, ga amai, ido ya koma ruwan ɗorawa. Ya kafe a jiƙa masa saiwa, wai kowa ya san mai shawara allura ke kashe shi, kada wanda ya kai shi asibiti. Hajo ta dube shi, ta fito tsakar gida da waya. Wani baƙon ma'aikaci ya ɗauka, ina jin muryarsa daga gidana.

"Baba, sunan mara lafiyar?"

"Malam."

"Wane Malam?"

"Na gidan nan mana, ɗan nan!"

"Baba, sai da suna za mu gano kwalbar da aka yi masa allura da ita. To baban wa ake ce masa?"

"Ita ma 'yar fari ce, ba na faɗa."

Matar da ta kai sunan rabin gari asibiti, ga ta tana zufa. Tun da aka kawo ta gidan nan sunan mijinta bai taɓa fita bakinta ba. Daga ɗaki sai nishi. Na leƙa zan taimaka, ta riga ni. Ta runtse ido ta ƙwala, "Kalilu! Kalilu sunansa!"

Mutumin da tun safe bai ce uffan ba ya ce, "Na'am?"

Mota ta zo, aka wuce da shi Daura. Aka ɗebi jini aka aika gwaji, aka bi sauran waɗanda aka yi wa da kwalbar, duk lafiyarsu lau. Ya jima a kwance, ya dawo kamar sillen kara. Likita ya ce da an ƙara kwana, da sai wani labarin.

Muka shiga yi masa barka. Bai yi zancen asibiti ba, sai ya dube ni ya ce:

"Kin dai ji ta, ko? Gatsal fa! Ba ko Malam."

Hajo na murza tunkuza, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ai ka amsa."