Haƙori Ɗaya Ya Raba Mu Da Mushe Lawali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita lakwal, wato makaranta, da safen nan Madam Hadiza, daraktarmu, ta kira ni tana kuka. Wai Mushe Lawali ya rasu a Maradi.



Ga wanda bai san shi ba, shi ne malamin aji shida a lakwal ɗinmu nan Dakoro. Mushe kuwa haka muke kiran malami namiji a nan, daga Faransanci. Shekara tara muna koyarwa, ajina jikin ajinsa. Ranar da aka maido ni daga Birnin Lalle ban san kowa ba a garin nan. Shi ya ɗauki jakata ya kai ni gidansa. Wata biyu na yi a zaurensa, matarsa Rabi tana aiko mini da tuwo kamar ƙaninta.

Mutumin shayi ne na gaske. Da an fita shan iska sai ya hura gawayi a gindin bishiyar dogon yaro ya dafa, na farko, na biyu, na uku. Sukari kuwa da hannu yake zubawa, ba ya awo. In rana ta yi zafi ya bi da lemun kwalba mai sanyi. Haƙoransa na gaba sun daɗe da yin ja, na ciki duk sun yi rami.

In na yi masa tsiya sai ya ce, “Kai dai sha, Sani. Talatin da biyu Allah Ya ba ni, in guda ya tahi akwai saura.”

Sai mu yi ta dariya. Sau da yawa ma ni ke sayo sukarin.

Tun bayan Babbar Salla ciwon haƙori ya tsananta masa. Ya cusa kanumfari, ya sha ƙwayoyin ’yan tebur. Da ya je likita aka gaya masa zaƙin da ke wuni a bakinsa ya cinye haƙorin har jijiya, sai ya je Maradi an cire. Ya ce ba zai bar yaransa ba ga jarrabawa ta matso.

Ran Talata na gan shi na ƙarshe. Kuncin ya kumbura har wuya, ya naɗe shi da rawani, bakin da ƙyar yake buɗuwa. Amma sai da ya dafa mana shayi. Shi bai sha ba, zaune kawai yake yana kallonmu.

Da ya miƙo mini kofi ya ce, “Na rage maka sukari, kak ka yi hushi. In ka sha ka riƙa kurkure baki. Ka dai gan ni.”

Na ce, “Yaya Lawali, gobe da safe mu shiga mota, ni zan raka ka.”

Ya girgiza kai. “Bari Alhamis, in ƙare gyaran takardun ɗiyan ga.”

Na yarda. Wallahi wannan yarda ita ke ci na tun ɗazu.

Laraba da rana zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya fara gagara, aka ɗauke shi zuwa Maradi. Likita ya ce mugunya ta riga ta shiga jini.

Rabi ta ce an samu takardun a ƙarƙashin matashinsa, saura guda biyar bai gyara ba.

’Yan uwa, ban zo in hana kowa shayi ba, ni ma yau na ɗora na kasa sha. Amma wanda haƙori ke damu, don Allah kada ya ce sai Alhamis.

Za a kawo shi gida, a yi masa salla bayan la'asar. Ya bar Rabi da yara huɗu, da tsohuwarsa a Azagor wadda har yanzu an rasa mai ƙarfin zuciyar gaya mata.

Allah Ka yafe wa Lawali, Ka haskaka kabarinsa, Ka shayar da shi daga Alkausara, Ka tsaya wa abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, ko bai taɓa ganinsa ba, ya taimake ni da Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ni ma ku sa ni a ciki, zuciyata ba daidai take ba.