Ajin da Kawu Ya Zauna a Gaba

Ina da shekara goma sha huɗu na daina zuwa elemantare a Gwandu. Karatun bai gagare ni ba, bulalar malamin lissafi ce ta ishe ni. Babana ya yi faɗa har ya gaji, ya tura ni Kalgo wurin yayan mahaifiyata, wai in koyi sana'ar kamun kifi tunda na ƙi boko. Ni kuwa na tsani ƙarnin kifi, ruwa ma tsoronsa nake.

A shekarar aka buɗe ajin manya a wani zaure, ana zama bayan la'asar. Malamin saurayi ne mai haƙuri, ko tsinke ba ya riƙewa. Ya yarda ya karɓi irinmu da suka gudo daga makaranta, mu uku. Ya ce kafin damina wani babban malami zai zo ya gwada mu, wanda ya iya karatu a kai shi Birnin Kebbi koyon kafinta. Wuri ɗaya ne tak. Na sa rai har ina mafarkin zarto.

Sai mai unguwa ya ce kowane gida ya ba da magidanci ɗaya. Kawu ya ɗauki buzunsa ya zo ya zauna a sahun gaba. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Malam zai nuna allo ya ce Kawu ya karanta. Kawu ya yi ta kallon baƙin kamar zai saya, gumi na zubo masa, daga ƙarshe ya ce, "Malam, wanga ya ɓace min." Sai a juyo kaina. Abin da na iya tun ina aji ɗaya! Amma ta yaya zan buɗe baki in karanta abin da ya kayar da mutumin da nake cin tuwonsa, a gaban abokansa? A gidanmu ko ido ba a haɗawa da shi. Sai in sunkuyar da kai in ce ban sani ba. Haushi kamar ya kashe ni. Malamin ma haushinsa nake ji, da ya kasa gane ya raba mu zama, ko ya fara tambayata kafin Kawu.

Ranar gwaji na yi ta addu'a Kawu ya tafi gulbi. Ina! Har da sabuwar hula ya zo. Baƙon ya rubuta layi biyu a allo, ya bi sahu. Kawu ya kasa. Aka zo kaina. Na karanta layin a zuciyata har sau uku, ina jin numfashin Kawu a gabana. Na ce, "Ban sani ba." Yaron da ke gefena, wanda ba shi da kowa a ajin, ya yi ta in'ina har ya kai ƙarshe. Shi aka ɗauka.

A hanyar gida ina bayan Kawu, riƙe da buzunsa. Ya tsaya ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, muryarsa cike da tausayi.

"Ashe kai ma kanka irin nau na. Kak ka damu, ɗana, kihi bai tambayak karatu. Gobe da sahe ka ɗauko taru mu tahi."